Na San Gidanku, Bangaro

Shafi na 17

Salama gare ku masu bibiya. Duk saƙonninku a kan Baffa Jaji sun iso. Mu koma inda muka bar shi, a ɗakin hatsin 'yarsa.

*

Tun ranar da bidiyon ya bazu, Jaji bai sake leƙa bakin titi ba.

Yana Kaura Namoda, gidan 'yarsa Hamdiyya, cikin ɗakin da mijinta ke jibge buhunan gero. Shanunsa suna can ruga, gefen Dauran, a hannun ƙannensa. Matarsa Uwani ta aiko cewa ya zauna inda yake, kada ya kuskura ya hau hanyar Zurmi, domin 'yan sintirin da ke tsare hanyar kowannensu yana da fuskarsa a waya.

Bidiyon ba shi da tsawo. Karar shanu ce ta Shinkafi, ranar kasuwa. Jaji ya ɗaga sanda a kan Ɗantani mahauci, jijiyar wuyansa ta miƙe, yana cewa:

"Na san gidanku, Bangaro! Na san hanyar da kake bi! Ka taɓa ta ka gani!"

A nan aka yanke.

Ba a nuna saniyar da ake magana a kanta ba, tsohuwa mai karyayyen ƙaho, wadda Ɗantani ya ce ko kyauta aka ba shi sai ya nemi gafarar wuƙarsa. Ba a nuna inda suka ɓarke da dariya ba, suka zauna gindin bedi suna shan fura a ƙwarya ɗaya. Wanda ya yanke ya rubuta a sama cewa ga Bafulatani yana yi wa ɗan kasuwa barazana da rana tsaka.

A ƙasar nan, a zamanin nan, idan mai malfa da sanda ya ce ya san hanyar da kake bi, ba a tsayawa tambayar ko wasa yake yi.

Wasa kuwa yake yi. Tsakanin mai kiwo da mahauci akwai wasa, kuma su biyun gadonsa suka yi. Bangaro ma sunan tsokanar mahauta ne. Uban Jaji da uban Ɗantani haka suka yi ta zagin juna a kasuwa har mutuwa ta raba. Ba a fushi, ba a kai ƙara. Ba a kuma yabon juna ko da kuskure.

Wannan na ƙarshen shi ya ɓata lamarin.

Don ranar da Muhtari, shugaban 'yan sintiri, ya tsaya gaban teburin Ɗantani ya nuna masa hoton Jaji, ya tambaye shi ko ya san mutumin nan, Ɗantani bai ga bidiyon ba tukuna. Wayarsa ƙarama ce, ta kira da amsawa. Hannunsa na cikin nama, ko ɗagowa sosai bai yi ba, ya ba da amsar da ya saba bayarwa tun yana saurayi.

"Wanga? Ɓarawon shanu ne tun kakanai. Kullum cewa yake sai ya ɗauke ni."

Yaran shagonsa suka yi dariya. Muhtari bai yi ba. Shi ba ɗan mahauta ba ne, kuma bai daɗe da binne ƙaninsa da 'yan bindigar daji suka kashe a Kurya Madaro ba.

*

Da hantsi Hamdiyya ta shigo da kunu a kofi, waya a ɗaya hannun. Ta durƙusa ta ajiye, ta gaya masa Sarkin Pawa ya kira zama bayan azahar a zaurensa. Muhtari zai zo, Ɗantani zai zo, an kuma ce shi ma ya zo.

Jaji ya dubi kunun bai taɓa ba. Ya tambaye ta, in ya fita, wa ya ce zai dawo.

Ta miƙa masa wayar.

Ya kawar da kai. Ya ce ya ga kansa a bidiyon nan ya isa.

"Baffa, wannan daban ne."

Wata mata ce a tashar Zurmi, Tasalla mai abinci, kowa ya san ta. Ta ɗaga ludayin miya a kan wani jan bunsuru da ya tsoma baki cikin kwandon albasarta. Tana motsa baki, amma muryar da ke fitowa ta Jaji ce. Na san gidanku, Bangaro. Bunsurun ya ɗago yana tauna, ya dube ta, ya juya ya tafi abinsa.

Jaji ya matso da fuska.

Hamdiyya ta tura yatsa, wani ya fito. Wani magidanci tsaye ƙofar shagon tela, ya ɗaga yadin da ba a ko yanka ba. Ta sake turawa. Wata tsohuwa da muciya tana bin kaza. Wasu 'yan makaranta sun ɗaga tsintsiya suna yi wa ƙwan lantarki da aka ɗauke wuta. Wani ma sauro yake yi wa, cikin gidan sauro, da silifa a hannu. Duk murya ɗaya.

Ta yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda bai saba ba. Ta ce da farko tsoro ne ya ɗauki bidiyon, kowa na tura wa ɗan'uwansa yana cewa a yi hattara. Sai Tasalla ta cire muryar ta ɗora wa bunsurunta a Tiktok. Daga nan kowa ya ga shi ma yana da wanda zai ce wa haka. Yanzu har sitika an yi da fuskarsa. Matan unguwa suna tura wa mazansu in sun daɗe ba su dawo da cefane ba.

"Har mata?"

"Har ni an turo wa, Baffa. Wadda ta turo ba ta san ubana ba ne."

Mutum ne da ko sunan 'yar farinsa ba ya kamawa saboda kunya, yau ga fuskarsa da baki buɗe a hannun kowa, daga Shinkafi har garuruwan da bai taɓa jin sunansu ba. Hamdiyya ta ga kunnuwansa sun yi ja. Ita kuwa a ranta wani sanyi take ji tun jiya. Ta lura masu zagi a ƙasan bidiyon sun ragu, masu dariya sun rinjaye su. Amma ta san dariyar waya ba ita ke ɗaga shinge a hanya ba.

Ya ce ta maido masa na farkon. Ta maido. Ya kalla har ƙarshe.

"Bunsurun nan yana ɗingishi. Ƙafar baya ta hagu. In ba a duba kofaton ba, zai ruɓe."

Hamdiyya ta rufe baki da gefen hijabi. Rabonta da jin ya yi maganar da ba ta mutuwa ba tun ranar da ya shigo gidan.

Ya ɗauki kunun ya shanye.

*

Zauren Sarkin Pawa ya cika har waje. Mahauta a gefe guda, 'yan kara a gefe guda. Muhtari ya zauna kusa da ƙofa da mutanensa biyu, ya ajiye bindigarsa a cinya. Hamdiyya ta tsaya daga bayan asabari wajen matan gidan, inda take jin komai.

Aka fara da Armiya'u direba, mai jigila tsakanin Kaura da Shinkafi da Zurmi. Shi ya ɗauki bidiyon. Ya ce cikakke ya ɗauka, har wurin shan furar, ya tura zauren direbobi na Wasaf don a yi dariya, tunda duk sun san wasan tsofaffin nan. Bai san wa ya yanke ba. Da aka ce ya nuna cikakken, sai ya sunkuyar da kai. Wayarsa ta cika, ya goge tun a makon. Ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, kowa yankakken ne a hannunsa.

Wani daga cikin mahauta ya ce ai magana ta ƙare, duniya ma ta gane wasa ne, ga shi har bunsuru ana yi wa. Aka ɗan yi dariya.

Muhtari ya jira dariyar ta kwanta. Ya ce shi ma ya gani, matarsa ma ta turo masa. Ya ce amma shi ba da waya yake tsaron hanya ba. Ya je da ƙafarsa, ya tambayi mutumin da aka ɗaga wa sanda, mutumin ya ce ɓarawo ne. Maganar da ya kai wa mutanensa ke nan. In akwai wata, a faɗe ta yanzu, ba wasa a ciki.

Duk ido ya koma kan Ɗantani.

Ya gyara zama. Ya cire hula ya mayar. Ya dubi Jaji, wanda ke zaune a ƙarshen tabarma da sanda kwance a gabansa.

Ya fara da cewa wanga Bafillace dai kowa ya san ba ya da wayon kirki, in ba don shanu ba—

Sarkin Pawa ya ɗaga hannu. Ya ce ba wannan aka tambaye shi ba.

Ya sake farawa. Ya ce to, in don mugunta ne, mutum mai sayar da tsohuwar saniya ya ce karsana ce—

"Ɗantani," in ji Sarkin Pawa. "A kan ran mutum muke magana."

Zufa ta keto masa. Ya ce a yi masa uzuri, abin da ake nema ya yi bai taɓa yi ba. Ubansa bai yi wa uban wannan ba. Ya ce shi a ganinsa ranar da ka yabi abokin wasanka, to ka mai da shi baƙo.

Muhtari ya ce to gara baƙo mai rai.



Ɗantani ya share fuska da hannun riga. Da ya buɗe baki, muryar ba irin ta bakin teburi ba ce. Ƙasa-ƙasa take, har na bayan asabari suka matso.

Ya ce shekarar da aka rufe kasuwanni aka ɗauke layin waya, a cikinta ubansa ya rasu. Ba mota, ba hanyar aika saƙo. Har yau bai san yadda labari ya kai ruga ba. Ya dai fito da safe ya tarar da Jaji zaune ƙofar gida, ƙafafu sun kumbura, ya taho a ƙasa. Shi ya kama gaban makara.

Ya ce mutanen daji sun kore wa Jaji fiye da rabin garkensa, sun harbe yayansa a bakin rafi. Jaji bai taɓa faɗa a kasuwa ba, don su ba su faɗin irin wannan. Shi ma a bakin Uwani ya ji.

Jaji ya sunkuyar da kai har malfarsa ta rufe fuskarsa.

"Ka tambaye ni ko na san shi," Ɗantani ya ce wa Muhtari. "Duk ranar kasuwa a ɗakina shike kwana. Ɗiyana a hannunai sunka sha nono. Dole shi san gidanmu. In wanga mutum ɓarawo ne, ku hwara da ni." Ya nuna Jaji da hannu. "Mutumin kirki ne. Ban san wanda ya hi shi ba. Na hwaɗi."

Ba wanda ya yi dariya.

Muhtari ya tambayi Jaji sunan yayan nasa, da rafin da aka harbe shi. Jaji ya faɗa. Muhtari ya ce ya ji labarin, bai san ɗan'uwansa ba ne. Ya yi masa ta'aziyya, Jaji ya mayar masa da ta ƙaninsa. Suka shafa fatiha tare.

Ya miƙe ya rataya bindiga. Ya ce daga wajensa magana ta mutu, kuma zai sanar. Sai dai hanya tana da tsawo, wasu shingayen ba layin waya, ba kowa ne zai ji yau ba. Ya ba da shawara a ƙara kwana biyu.

Jaji ya ce ya gode. Ya ce amma yau zai kwana a ruga. Ya ɓoye kamar mai laifi ya isa, in ya ƙara kwana, shi da kansa zai fara zargin kansa.

Armiya'u ya ce shi ya jawo, shi zai kai shi. Hamdiyya ta aiko daga bayan asabari cewa da ita za a tafi. Ba wanda ya iya hana ta.

A bakin mota Ɗantani ya iso yana haki, da ƙunshin balangu a takarda. Ya tura ta taga ba tare da ya dubi kowa ba.

Jaji ya dube shi sama da ƙasa.

"Ka yabe ni gaban mutane, Bangaro. Da ubanka na nan da ya sauya maka suna."

"Kada ka saba. Ci nama, na wata tsohuwa ne mai kama da taka."



*

Shingen farko da na biyu, Armiya'u ya ɗaga hannu aka ɗaga masa. Sun ji saƙon Muhtari. Na uku yana gab da Zurmi, a wani kwari inda waya ba ta kamawa. Gungumen itace ne aka gitta a kan duro biyu.

Wani magidanci ya taso daga inuwa, da bindigar gargajiya a kafaɗa da layu a damtse. Armiya'u ya gaishe shi da suna, Bilyaminu. Ya amsa, ya leƙo gaba, ya leƙo baya.

Idonsa ya tsaya a kan malfar.

Ya ce Baba ya ɗago.

Jaji ya ɗago.

Bilyaminu ya ja da baya kaɗan, ya yafito sauran. Mutum uku suka taso. Armiya'u ya fara bayani da sauri, yana ambaton Muhtari da Sarkin Pawa, aka ce ya yi shiru. Hamdiyya ta damƙe gefen rigar ubanta.

Bilyaminu ya sa hannu a aljihu. Waya ya ciro. Ya dubi fuskarta, ya dubi Jaji, ya sake dubawa.

"Baba, kai ne?"

"Ni ne."

Ɗaya daga cikinsu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Hamdiyya ta ɗauka wani abu zai ɗauko. Sai ta gane dariya yake dannewa.

Bilyaminu ya ce wallahi tun safe da ita suke tsokanar juna a shingen nan, ko shayi wani ya ɗauka sai an ce masa an san gidansu. Ya ɗaga wayar saitin taga.

"Don Allah Baba, hwaɗi muna sau guda."

Armiya'u ya waiwayo yana yi wa Jaji alama da ido, ya faɗa kawai a wuce. Hamdiyya ma ta matsa masa hannu.

Jaji ya girgiza kai.

Ya ce ɗana, ka yi haƙuri. Maganar nan tana da mai ita. Shi ba ya ɗaga wa kowa sanda sai abokin wasansa. In ya faɗa wa wanda ba wasa tsakaninsu, to ta zama abin da aka ce ita ce tun farko.

Dariyar ta tsaya.

Bilyaminu ya sauke wayar a hankali. Ya karkata kai yana kallon tsohon.

"To ai ni ma ɗan mahauta ne, Baba. Dauda na kasuwar Zurmi shi ya haifi ubana."

Jaji ya ƙura masa ido. Ya tambaya, Dauda mai guntun yatsa, wanda ya taɓa gudu ya bar wuƙa da bijimi ya tsinke?

Sauran suka kwashe da dariya, suna nuna Bilyaminu. Shi kuwa ya dafe kai ya ce shi ne, amma a gida ba haka aka ba su labarin ba.

Jaji ya buɗe ƙofa. Ya fito a hankali, ya gyara malfa, ya jawo sandarsa daga ƙarƙashin kujera. Ya tsaya tsakiyar titi gaban mutum huɗu masu bindiga.

Ya ɗaga ta.

"Na san gidanku, Bangaro. Na san kakanka ma. Ɗauke min itacen nan in wuce."

Bilyaminu ya durƙushe yana riƙe ciki. Da kansa ya je ya janye gungumen, yana cewa a gaida Inna, a gaida shanu, Allah ya tsare hanya.

Suka yi nisa. Hamdiyya ta ɗora hannunta a kan na ubanta. Ya buɗe takardar balangun, ya ɗauki yanka ɗaya, ya miƙa wa Armiya'u sauran.

Da suka shigo Zurmi, Armiya'u ya kama hanyar Dauran. Jaji ya taɓa kafaɗarsa ya ce ya tsaya tasha tukuna.

Hamdiyya ta tambaye shi lafiya, rana na yin sanyi.

Ya ce ba zai daɗe ba. Ƙafar bunsurun nan ce ta tsaya masa a rai.

Ya sauka ya nufi rumfar mai abinci, mutanen tasha suna buɗa masa hanya, wayoyi suna fitowa daga aljihu ɗaya bayan ɗaya. Jan bunsurun na kwance gindin murhu. Matar ta ba da baya, tana kwasar tuwo.

Ya yi sallama.

Tasalla ta juyo, da ludayi a hannu.